Jinyar Raunin Filin Wasa

Duk inda ake guje-guje da tsalle-tsalle, ba a rasa wanda zai ji ciwo. A gasar wasanni ta makaranta, ko a filin ƙwallo na unguwa, ko a dandalin kokawa da dambe, sau da yawa akan ga ɗan wasa ya faɗi yana riƙe da ƙafa ko kafaɗa. Yawancin waɗannan raunuka ba sa kai mutum ɗakin tiyata. Amma yadda aka bi da su a kwanakin farko, da makonnin da suka biyo baya, shi ke nuna ko mai raunin zai koma wasa da ƙarfinsa, ko kuwa zai yi ta fama da ciwo guda shekara da shekaru. Wannan jinya ita ce aikin likitan fisiyo.

A ƙasar Hausa an fi sanin wannan ma'aikaci da sunan likitan gashi, ko likitan gashin ƙashi, domin mutane sun saba ganin yana ɗumama gaɓar da ke ciwo da na'ura. Sunan ya bi baki, amma bai ɗauke aikin duka ba. Gashi ɗan ƙaramin yanki ne na sana'ar. Babban abin da likitan fisiyo ke warkarwa da shi shi ne motsa jiki wanda aka auna, aka tsara shi mataki-mataki. Sana'ar ta shigo Nijeriya a shekarar 1945, a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas, kuma Jami'ar Ibadan ce ta fara koyar da ita a matakin digiri a 1966. A yau akwai sashen fisiyo a asibitocin koyarwa, da asibitocin ƙashi na ƙasa da ke Igbobi da Inugu da Dala a Kano. Manyan ƙungiyoyin ƙwallo ma suna da nasu likitocin.

Abin da ke samun rauni

Inda ƙashi biyu suka haɗu, sunansa gaɓa. Hausa tana amfani da kalmar jijiya ga abubuwa da dama: hanyar jini jijiya ce, zaren da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa ma jijiya ce. A nan za mu bambanta abu biyu. Jijiyar gaɓa ita ce igiya mai tauri da ke ɗaure ƙashi da ƙashi, don kada gaɓar ta wuce iyakarta. Agara kuwa ita ce igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, kuma wadda aka fi sani ita ce ta bayan dunduniya.

Idan gaɓa ta murɗe, jijiyarta ta miƙe fiye da kima ko ta yage, an yi targaɗe ke nan. Idan kan ƙashi ya fita daga gurbinsa, an ce ƙashi ya goce. Idan ƙashin kansa ya tsage ko ya rabu, wannan karaya ce. Tsoka ma tana yagewa, musamman lokacin gudu mai tsanani.

Targaɗen idon sawu

Da wuya a sami raunin wasa da ya kai targaɗen idon sawu yawa, don haka za mu daɗe a kansa. Wanda ya gane jinyarsa ya gane tushen jinyar sauran. Yakan faru ne idan ɗan wasa ya yi tsalle ya dira a kan ƙafar abokin karawarsa, ko ya taka ɗan rami yana cikin gudu. Sai tafin ƙafa ya karkata ciki, nauyin jiki duka ya sauka a kan gefen ƙafar na waje. Jijiyoyi uku ne ke riƙe da wannan gefe, kuma ta gaba ce ta fi saurin yagewa. Wani lokaci miƙewa kawai jijiyar take yi, mutum ya warke cikin mako ɗaya zuwa uku. Wani lokaci ta yage amma ba ta rabu ba, jinya ta kai kamar mako shida. Idan kuwa ta tsinke gaba ɗaya, sai a yi maganar watanni.

Tambayar farko da likita ke yi wa kansa ita ce: targaɗe ne kawai, ko akwai karaya? A shekarar 1992 wasu likitoci a birnin Ottawa na ƙasar Kanada suka fitar da wata ƙa'ida mai sauƙi wadda har yau ake aiki da ita. Za a ce wa mai rauni ya yi taku huɗu, ko da yana ɗingishi. Sa'an nan a danna ƙashin idon sawu, na ciki da na waje, ta bayansa da ƙarshensa, a kuma danna wasu ƙasusuwa biyu na tsakiyar ƙafa. Idan ya kasa yin takun, ko ya ji zafi a kan ƙashin kansa ba a kan nama ba, sai a je a ɗauki hoton ƙashi. Idan babu ɗaya daga cikin waɗannan alamu, da wuya a ce akwai karaya.

A nan akwai abin lura ga 'yan makaranta. Ƙashin wanda bai gama girma ba yana da wani guringuntsi kusa da ƙarshensa, kuma daga nan ne ƙashin ke ƙara tsawo. Wannan wuri bai kai jijiya ƙwari ba. Saboda haka murɗewar da za ta jawo wa babba targaɗe tana iya tsaga ƙashin yaro ɗan shekara 13. Yaron da ya kwana yana kasa taka ƙafa, asibiti ya kamata a kai shi, ba a ce masa ya yi jarumta ba.

To, a ce an tabbatar targaɗe ne. Me za a yi? Kafin mu amsa, sai mu san yadda jiki ke gyara kansa. Da farko jini da ruwa sukan taru a wurin, ya kumbura, ya yi ɗumi, ya riƙa zogi. Kumburin ba ɓarna ce zalla ba, domin ta cikinsa ne ƙwayoyin jini masu share abin da ya lalace suke isa wurin. Wannan yakan ɗauki 'yan kwanaki. Daga nan jiki ya fara saƙa sabon zare a inda ya yage, har tsawon makonni. Sabon zaren ba shi da ƙarfi, kuma a cukurkuɗe yake, kamar zaren da yaro ya yi wasa da shi. A mataki na ƙarshe, wanda kan ɗauki watanni, zaren yakan jeru ya yi ƙwari. Sai dai ba ya jeruwa daidai sai an sa shi aiki. Nauyin da ake ɗora wa ƙafa a hankali shi ke nuna wa zaren inda zai fuskanta. Wannan ne ya sa jinya ta kasu gida biyu: kwanaki kaɗan na kāre ƙafa, da makonni masu yawa na koya mata aiki.

A kwana biyu ko uku na farko, ɗan wasa zai daina wasa nan take, ya rage taka ƙafar, ya dogara da sanda idan takawa na da zafi. A naɗa bandeji mai talewa daga yatsu zuwa sama da idon sawu. Kada a matse. Idan yatsu suka yi sanyi, ko suka sāke launi, ko mutum ya ji kamar ana tsira masa allura, to ɗaurin ya yi yawa, a sassauta. Idan ya kwanta, ya ɗora ƙafar a kan matasan kai har ta fi ƙirjinsa tudu, domin ruwan kumburi ya gangara. Ana iya sa ƙanƙara na minti 15 zuwa 20, a huta awa biyu ko uku kafin a sake. Ledar ruwa da ta daskare a firji ta isa, amma a naɗe ta da ƙyalle, don ƙanƙara tsirara tana ƙona fata.

Ra'ayin masana ya ɗan sauya a kan ƙanƙara. Likitan Amurka Gabe Mirkin, wanda a 1978 ya yaɗa tsarin hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga ƙafa, shi da kansa ya fito a 2014 ya ce yawan ƙanƙara da dogon hutu suna iya jinkirta warkewa. Abin da aka fi yarda da shi yanzu shi ne, ƙanƙara tana rage zogi, kuma amfaninta ke nan. Ba ita ke ɗinke jijiya ba.

Akwai abubuwan da aka saba yi a filayenmu waɗanda ke ƙara ɓarna a waɗannan kwanaki. Da zarar yaro ya faɗi, sai wani ya zo ya kama ƙafar ya finciko ta, wai yana mayar da ita gurbinta. Jijiyar da ta yage ba ta son ja. Haka nan gasawa da ruwan zafi, da murza man zafi da ƙarfi: suna buɗe hanyoyin jini, kumburi ya ƙaru. Ɗumi da tausa suna da ranarsu, amma sai bayan kwana ukun nan. Mafi muni shi ne a haɗiyi ƙwayar kashe zafi mai ƙarfi, irin tiramadol, don a ƙarasa wasa. Zafi gargaɗi ne da jiki ke yi. Wanda ya toshe bakin mai gargaɗi, zai ƙarasa yaga abin da ya rage ba tare da ya sani ba.

Mutane da yawa kuma gidan mai ɗori suke fara zuwa, domin yana kusa, kuɗinsa da sauƙi, kuma an gaji sana'ar kaka da kakanni. Amma mai ɗori ba ya ganin cikin ƙafa. Likitocin ƙashi a Nijeriya sun daɗe suna kokawa da abu guda: ɗaurin kara da aka matse har jini ya daina gudana, nama ya mutu, wani lokaci har a yanke hannu ko ƙafa. Hoton ƙashi guda ɗaya kafin kowane irin ɗauri yana hana wannan asara.

Da zarar zogi ya lafa, sai aikin fisiyo na ainihi ya fara. Likita zai sa mai rauni ya zauna ya riƙa rubuta haruffa a iska da babban yatsan ƙafarsa, daga A zuwa Z. Abin kamar wasan yara, amma yana juya gaɓar ta kowane ɓangare, ya hana ta sandarewa. Daga nan ya saƙala tawul a tafin ƙafa ya jawo shi a hankali don miƙe agara. Sai kuma ƙarfafa tsoka: a saƙala roba mai talewa a ƙafa, a riƙa tura ta waje, domin tsokokin gefen ƙwauri na waje su ne ke tare ƙafa idan za ta sake murɗewa. Bayan haka ya tsaya ya riƙa ɗaga dunduniya yana saukewa, da ƙafa biyu tukuna, daga baya da ƙafa ɗaya. Ma'aunin da ake bi shi ne: ɗan ciwo kaɗan ba laifi, amma idan ciwon ya ƙaru, ko ƙafa ta wayi gari a kumbure, an yi sauri, a koma matakin baya.

Akwai wani mataki da aka fi mantawa da shi, alhali shi ya fi hana ciwo dawowa. Rufe idonka ka ɗaga hannu: ka san inda hannun yake ko da ba ka gani. Dalili shi ne, a cikin gaɓoɓi da tsokoki akwai ƙananan jijiyoyi masu sanar da ƙwaƙwalwa matsayin kowace gaɓa. Targaɗe yana rikita wannan saƙo. Ƙafar da ta taɓa targaɗe takan fara karkata kafin ƙwaƙwalwa ta sami labari, shi ya sa za ka ji mutum yana cewa ƙafarsa ta saba gurɗewa. Maganin abin shi ne a sake koya mata. Mai rauni zai tsaya da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30. Idan ya iya, ya rufe ido. Idan ya iya, ya hau kan matashin kai. Daga ƙarshe a riƙa jefa masa ƙwallo yana cafewa a tsaye da ƙafa ɗaya. Ba a bukatar na'ura, sai dai naci na makonni.

Yaushe za a koma fili? Ba ranar da ciwo ya ɓace ba. Ciwo yakan tafi tun jijiya ba ta gama yin ƙwari ba, kuma a nan ne 'yan wasa da yawa ke ruɗuwa. Likitan fisiyo yakan gwada mutum: ya yi sassarfa, ya yi gudu sosai, ya yi gudun kwana-kwana, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya kamar mai wasan langa, a kwatanta da lafiyayyar ƙafar. Idan ya ci waɗannan ba ciwo ba tsoro, sai ya shiga atisaye da abokansa, daga baya ya shiga gasa. Akan shawarce shi ya riƙa sa abin ɗaure idon sawu na wasu watanni.

Cinya da gwiwa

Masu tseren mita 100 da 'yan ƙwallon da ke gudu ta gefe sun fi fama da yagewar tsokokin bayan cinya. Mai raunin yakan ji kamar an jefe shi da dutse daga baya, ya tsaya cak. Jinyar kwanakin farko ɗaya ce da ta targaɗe. Abin da ya bambanta wannan rauni shi ne yawan dawowa, musamman a makonnin farko bayan an koma wasa. Tsokar tana yagewa ne a lokacin da take miƙewa tana kuma riƙe nauyi, don haka a irin wannan hali ake ƙarfafa ta. Ɗan wasa zai durƙusa a kan tabarma, abokinsa ya danne masa idon sawu, shi kuma ya riƙa faɗowa gaba sannu a hankali, jikinsa a miƙe, har sai ya kasa riƙewa ya tare ƙasa da hannu. Bincike ya nuna ƙungiyoyin da ke yin wannan atisaye a kai a kai suna rage raunin bayan cinya da kusan rabi.

Raunin da 'yan ƙwallo suka fi tsoro yana cikin gwiwa. A tsakiyar gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, kuma ta gaba ce ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba. Sau da yawa tana tsinkewa ba tare da wani ya taɓa ɗan wasa ba: ƙafa tana kafe a ƙasa, jiki ya juya. Wasu sukan ji ƙara, gwiwa ta kumbura cikin 'yan awoyi, daga baya ta riƙa sulluɓewa idan an juya. 'Yan mata sun fi samari samun wannan rauni. Ga wanda zai ci gaba da wasa mai juye-juye, yawanci sai an yi tiyata, a ɗebo agara daga wani wuri a jikinsa a maye gurbin jijiyar.

Tiyatar ta 'yan awoyi ce, jinyar kuwa ta watanni. Tun kafin a shiga ɗakin tiyata likitan fisiyo ke fara aiki, don kumburi ya sauka, gwiwa ta miƙe sosai. Bayan tiyata tsokar gaban cinya takan rame da sauri, kuma dawo da ita shi ne aikin da ya fi cin rai. Ba a so a koma gasa kafin wata tara, kuma sai ƙarfin ƙafar ya kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na ɗayar. Virgil van Dijk na Liverpool ya sami wannan rauni a watan Oktoba na 2020, bai sake buga wasa ba sai a ƙarshen Yuli na 2021, duk da irin likitocin da ƙungiyarsa ke da su. Kuɗi ba ya sa jijiya ta yi sauri.

Akwai kuma wani ciwon gwiwa na matasa masu saurin girma, wanda ba faɗuwa ke kawo shi ba. Ƙashin da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa yakan yi tudu ya riƙa ciwo bayan gudu ko tsalle, saboda agara tana jan wurin da bai gama ƙwari ba. Ba abin firgita ba ne. Akan rage yawan wasa, a miƙe tsokar cinya a ƙarfafa ta, kuma yawanci yana wucewa idan girma ya kammala.

Kafaɗa da kai

Kafaɗa ta fi kowace gaɓa juyawa, shi ya sa ta fi saurin gocewa, musamman ga 'yan kokawa da masu tsaron gida. Victor Osimhen ya sami gocewar kafaɗa a wasan Nijeriya da Saliyo a birnin Benin a watan Nuwamba na 2020, ya yi fiye da wata biyu bai buga wasa ba. Idan haka ta faru, kada kowa ya yi ƙoƙarin mayar da ƙashin a fili. A rataye hannun a wuya da ƙyalle a tafi asibiti. Bayan an mayar, sai a ƙarfafa tsokokin da suka kewaye gaɓar, domin ga matashi gocewar farko takan jawo ta biyu.

Buguwar kai daban take da duk waɗannan. Wanda ya yi karo da kai, ya ji jiri, ko ciwon kai, ko ya rikice, ko ya kasa tuna abin da ya faru, a fitar da shi daga fili, ko da bai suma ba. Ba zai koma wasa a ranar ba, sai likita ya duba shi.

Kafin a shiga fili

Likitan fisiyo ba ya jira sai an ji ciwo. A shekarar 2006 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya ta fitar da wani tsarin ɗumama jiki mai suna FIFA 11+. Yana da atisaye 15, yana ɗaukar kimanin minti 20, kuma ana so a yi shi aƙalla sau biyu a mako. Ya ƙunshi sassarfa, da ƙarfafa ciki da cinya, da tsayuwa a ƙafa ɗaya, da koyon tsalle da dira. An gwada shi a Nijeriya: wani bincike da aka buga a 2014 a kan matasan gasar ƙananan 'yan wasa ta Legas ya nuna raunuka sun ragu da kashi 41 cikin 100 a ƙungiyoyin da suka bi tsarin. Ba ya bukatar kaya masu tsada, ƙwallo da 'yan alamu a ƙasa sun isa. Malamin wasanni yakan tsaya a gefe yana lura da abu guda a kowane tsalle: ɗalibi ya dira a kan gaban tafin ƙafa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, tana saitin yatsu, kada ta karkata ciki.